Daga Samaru Zuwa Ƙofar Doka: Tarihin Shawarar Masana ga Masu Sana'a a Zariya

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shago da mahauci suka koma karɓar kuɗi ta waya ba da son ransu ba, ɗalibin digiri na biyu da ya san kwamfuta ya zama abin nema a Zariya. Ana kiransa ya tsara lissafin kaya, ko ya nuna yadda ake tallata babbar riga a Instagram. Masu yin wannan aiki suna ganinsa sabo ne fil. Amma hanyar da suke bi, daga Samaru ko Kongo zuwa cikin ganuwa, tsohuwa ce, kuma waɗanda suka riga su takawa sun bar sawu.

Da farko dai, birnin bai taɓa zama fanko ba ta fuskar fasaha. A shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara, da bakan gizo masu ɗauke da rufi, ginin da masana zanen gine-gine suka riƙa zuwa daga ƙetare suna aunawa bayan fiye da shekara ɗari. Gwaninta a lokacin tana da sarauta, tana da gida, ana gadonta.

Shawara daga waje ta zo ne tare da jirgin ƙasa. Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta girka injin gurzar auduga a Zariya da fatan Arewa za ta ciyar da masaƙun Ingila. Lissafin ya yi kyau a takarda. Abin da ba a sa a ciki ba shi ne masaƙa da marina na gida, waɗanda sau da yawa suke sayen audugar da farashin da ya fi na Turawa. Manomi ya kai kayansa inda aka fi biya, aka kira shi mai taurin kai. A 1922 aka buɗe gonar bincike a Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962.

A nan ne labarin ya fi daɗin bi. Shekara da shekaru malaman gona suna nanata wa manomi ya daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona guda, ya shuka iri ɗaya a jere. Sai wani matashin masanin tattalin arziki, David Norman, ya zo Samaru a 1965. Maimakon ya fara da wa'azi, shi da ma'aikatansa suka zauna a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da kowane gida yake yi a gona da abin da yake girba. Sakamakon ya nuna manomin yana da hujja: cakuɗa shuka yana rage haɗarin asara in damina ta yi gardama, kuma yana ba da amfani mai kyau a kan ƙwadagon watannin noma, lokacin da hannu yake ƙaranci. Daga irin wannan aiki ne aka gina salon binciken da ke farawa da tambayar manomi, wanda ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A ganina, wannan shi ne mafi girman abin da Samaru ta ba duniya a fagen shawara, ko da yake ba kasafai ake koyar da shi ga ɗaliban kasuwanci ba.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin a 1973 da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Sai dai masana'antar da ake nufi ita ce mai bututun hayaƙi da ofishin manaja, irin ta Kaduna. Zauren maɗinki bai shiga lissafi ba.

Ga shi kuwa zauren nan masana'anta ce cikakkiya. Babbar riga mai aska takwas ba ta fitowa daga hannu guda. Akwai mai zana, akwai mai ɗinkin hannu, akwai matan kulle da suka shiga sana'ar sosai tun wajen shekarun 1970, akwai yaran da ke kai aiki gida-gida, akwai mabugi, sannan dillalin da ya san alhajin da zai saya a Kano ko Abuja. Ɗalibin da ya zo ya ce a sayi keken surfani mai kwamfuta ya faɗi gaskiya game da sauri. Amma keken yana son wuta tsayayya, yana son jari a dunƙule, kuma riga ɗaya da ya ɗinka cikin sa'o'i tana nufin wata uwar gida a bayan katanga ta rasa aikin makonni. Mai sana'ar ya san sunanta, wataƙila ma matar ƙaninsa ce. In ya yi shiru ya ce zai yi shawara, wannan yake aunawa, tare da bashin zaren da ya karɓa a kasuwa wanda ba a rubuta ba, kuma ba za a nema ba sai bayan sallah.