Layin Dogon Ikko zuwa Kano: Hanyar da ta Kawo Mu

Jama'a, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Mu mazauna Sabo a nan Badun, da 'yan'uwanmu na Agege da Abekuta, in aka bi salsalar zamanmu a Kurmi, to ba za a rasa dogo a ciki ba. Don haka ya kamata yaranmu su san inda layin nan ya taso da inda ya bi.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, goro daga Gwanja ake kawo shi ƙasar Hausa. Fatake kan haɗa ayari, madugu na gaba, jakuna na biye, a yi wata da watanni a hanya. Haka aka yi ta yi har Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896. Ya iso Badun a 1901, ya kai Oshogbo a 1907, Ilori a 1908, kana Jebba a 1909. A nan kogin Kwara ya tare hanya. Shekaru da dama a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai, kafin a gama gada.

A Arewa kuwa, Gwamna Girouard bai jira na Kudu ba. A 1907 aka fara wani layin daga Baro, a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. Da na Jebba ya biyo ta Zungeru ya tarar da shi a Minna, sai aka haɗe reluwe biyun ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Tsawon hanyar ya haura kilomita 1,100. Mai tasowa daga tashar Iddo zai bi ta Ebute Metta, Agege, Abekuta, Badun, Oshogbo, Offa, Ilori, Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, sannan Kano ta Dabo.

To, me dogo ya yi mana? Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Gyadar Kano ta sami hanyar zuwa bakin teku, har aka riƙa tara buhuna ana yin dala, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Shanu suka riƙa gangarowa Kudu a tarago. A lokacin kuma Yarbawa sun kama noman goro irin wanda Arewa ke so, shi kuwa goro ba ya son jinkiri. Dole a sami wanda zai saya, ya tsince, ya ɗaure huhu, ya kai tasha, ya kuma sauki baƙo ya tsaya masa a ciniki. Wannan aiki shi ya zaunar da kakanninmu masu gida da dillalai. Da jama'a ta yi yawa, sai aka ware mana unguwar Sabo a 1916.

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Amma bayan samun 'yancin kai, musamman zamanin kuɗin man fetur, gwamnati ta fi karkata ga tituna. Manyan motoci suka ƙwace lodi, kawunan jirgi suka tsufa, tashoshi suka zama kufai. An gyara layin har jirgin fasinja ya sake tashi daga Ikko zuwa Kano a Disamba 2012. A 2021 kuma aka buɗe sabon dogo mai faɗi tsakanin Ikko da Badun, wanda babbar tasharsa ta Badun ke Moniya, can bayan gari.

Sabon jirgi alheri ne, amma ba shi ya kawo mu ba. A Ebute Metta an mayar da wani tsohon gidan reluwe, Jaekel House, gidan tarihi, an adana hotuna da kayan aikin da. Mu fa, me muka adana? Dattawan da suka yi lodin huhu a tashar Dugbe suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani ya ce mana jiya muka zo, da me za mu amsa?

Shawararmu ita ce, duk mai tsohon tikiti, ko takardar lodi, ko hoto a akwatin mahaifinsa, kada ya bari gara ta ci. Matasa kuma su zauna da tsofaffi, su ɗauki maganarsu a waya, a rubuta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.