Inabin da Aka Sare a Katsina, da Wanda Ya Tsiro a Kudan

Yau za mu ɗan ajiye labarin da muke bi mako-mako, domin in ba ka labarin wata tafiya da na yi, wadda ta sa na koma na karkaɗe ƙurar wasu tsofaffin littattafai.

Ni dai a Rijiyar Zaki na tashi, inda abin da ido ya saba gani shi ne gero da dawa da gyaɗa da wake, sai kuka da ɗorawa jefi-jefi a tsakiyar gonaki. Inabi kuwa a islamiyya muka fara jin sunansa, cikin 'ya'yan itacen Aljanna. Da muka girma muka riƙa ganinsa a kasuwar 'Yan Lemo, a cikin 'yar roba, an kawo daga Masar ko Afirka ta Kudu, kuɗinsa kuwa sai wane da wane. Shi ya sa ran da wani abokina ya ce in zo mu je Kudan, kusa da Zariya, mu ga gonakin inabi, sai na yi dariya na ce masa ai ko a mafarki.

Muka kama hanyar Zariya da sanyin safiya, lokacin hunturu. Gona huɗu muka zaga a ranar, dukkansu ƙanana. An kakkafa turaku an ja waya a sama kamar rumfa, inabin ya bi ya lulluɓe, 'ya'yan na reto a kanmu. Wani dattijo mai gona ya tsinko mani, na ce, "Baba, yaya aka yi wannan abu ya yarda da ƙasarmu?" Ya ce, "Ɗana, ai aski yake so. A ƙasashen sanyi shi da kansa yake zubar da ganye ya huta. Mu nan ba mu da wannan sanyin, sai mu datse rassan da hannu, mu auna lokaci yadda zai nuna da rani, don ruwan damina ruɓar da shi yake yi." Sannan ya ƙara da wata magana da ta tsaya mani a rai. Ya ce da ya fara, akwai waɗanda suka tambaye shi ko ba da wannan ake yin giya ba.

Wannan tambaya tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar Hausa. A watan Janairun 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Kano, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a hanyarsa ta komowa kuma ya yada zango a Katsina. A littafin tafiyarsu da aka buga a 1826 ya lissafa 'ya'yan itacen birnin, irin su ɓaure da rumman da lemun tsami, sannan ya ce an gaya masa a da akwai inabi da yawa, amma da masu jihadi suka ci garin aka sassare shi. Katsina ta faɗa hannun jama'ar Shehu a wajejen 1807, ka ga ke nan ko shekara ashirin ba a yi ba da saran lokacin da ya ji labarin. Ba abin mamaki ba ne a sami inabi a can, domin a ƙarni na 18 Katsina ce babbar mashigar fataken Sahara, Larabawan Gadamas na da gidaje a cikinta. Ita kanta kalmar inabi daga Larabci muka aro ta.

Fahimtata ita ce tsoron giya ne ya jawo wa inabin gatari, domin Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya zargi sarakunan Haɓe da ci da shan abin da suka ga dama, halal ko haram. Sai dai a nan akwai abin lura. Giyar ƙasar Hausa da dawa da gero ake dafa ta. Littafin Tarihin Kano ma ya ambaci wani Bugazau a matsayin mai dafa giya a cikin mutanen Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda. Dawa kuwa ba wanda ya isa ya sare ta, tunda ita ce tuwo. Inabi baƙo ne, na lambun masu hali, shi ya sa ya zama mai sauƙin sara. Aka bar jaki aka daki taiki.

Ba mu kaɗai muka sha wannan muhawara ba. A Andalus, Halifa Alhakam na biyu, wanda ya yi mulkin Ƙurɗuba daga 961 zuwa 976, ya yi niyyar tumɓuke inabin ƙasar kakaf, mashawartansa suka nuna masa cewa mashaya za su koma yin giya da ɓaure, sai ya fasa. A Aljeriya kuwa Faransawa ne suka cika gaɓar teku da inabi, har ya kai kusan hekta 400,000 a shekarun 1930, ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya. Bayan 'yancin 1962 Faransa ta janye daga saye, gwamnatin Boumediene ta sa aka tumɓuke da yawa a farkon shekarun 1970.

Can kuma a ƙarshen Afirka, a gaɓar Kef Tawun, Turawan Holan sun fara matse inabi a 1659, aka kafa gonar Constantia a 1685. Tun 1971 masu yawon buɗe ido ke bin hanyar gonakin Stellenbosch, suna shiga wannan gida suna fita wancan suna ɗanɗanawa. Abin da ba kowa ke gaya masu ba shi ne, bayi ne suka raya waɗannan gonaki, cikinsu har da Musulmi da aka kwaso daga Indiya da tsibiran Indunusiya. A wannan yanki aka kai Shehu Yusuf na Makassar zaman ɗaurin talala a 1694, ya rasu a 1699. Bayan an 'yanta bayin ma, masu gonaki suka ci gaba da biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta hakan a 1960, amma bai mutu ba sai da aka shiga shekarun 1990, ya bar iyalai da dama cikin masifar shaye-shaye. Wato dai tsoron da magabatanmu suka ji yana da tushe.

To amma laifin na itace ne? Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Hisba a 2003, kuma a Nuwamban 2013 an farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Daga masana'antu aka kawo su a manyan motoci, ba daga lambun kowa ba. Inabin da na ci a Kudan na ci ne, a faranti yake ƙarewa, wanda ya rage kuma ana iya shanya shi ya zama zabibi. Damuwar dattijon nan ma wata ce daban: wurin ajiya mai sanyi, da tsadar waya da magani, da dillalan da ke jira kaya su nuna sannan su karya farashi, don sun san inabi ba ya jiran gobe.

Da za mu taho, Baba ya yanko mani reshe biyu ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya ce in binne su a inuwa in riƙa ba su ruwa. Na dasa su a bayan ɗakin mahaifiyata a Rijiyar Zaki. Ɗaya ya bushe, ɗayan ya fitar da ganye, har na kafa masa turke. Hajiya ta ce in dai akuyarta ta bar shi, za ta so ta ɗanɗana kafin ta je Aljanna ta ci na can.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya. Allah Ya sa mu dace, amin.