Malami Mai Bin Sawu, Daga Kambirij Zuwa Gobarau

Wanda ya tsaya a rumfunan masu littattafai a Babbar Kasuwar Katsina, inda ake jera Ahalari da Ishmawi da Risala kusa da littattafan soyayya na Kano, da wuya ya sami irin ƙagaggen labarin nan da ya yaɗu a Turai, wanda a cikinsa ake kashe mutum a makarantar zamanin da, sa'an nan wani malami ya bi sawu da hankali da ƙiyasi har ya tono mai laifi.

Wannan fanni bai daɗe ba ƙwarai. Ellis Peters ta Ingila ta share masa hanya a 1977 da labaran wani rahibi mai suna Cadfael, amma wanda ya ɗaukaka darajarsa shi ne Umberto Eco na Italiya, wanda a 1980 ya wallafa ƙissar wani gidan ruhubanawa na shekarar 1327, inda aka shafa dafi a takardun wani littafin Aristo da aka ɓoye, don duk wanda ya lashi yatsa ya buɗa shi ya halaka. Daga 1996 kuma Susanna Gregory ta kai lamarin cikin jami'ar Kambirij ta shekarar annoba, 1348. Abin da ya ja marubutan zuwa can a fili yake, domin wurin da littafi ya yi tsada, malamai suna jayayya a kan mas'ala, almajirai suna kishin juna, kowa kuma ya saba da neman hujja, to, wurin ya riga ya tanadi laifin da mai bincikensa gaba ɗaya.

A ƙasar Hausa ƙagaggen labari ya bi wata hanya dabam. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma na ƙarshen nan, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya fi kusa, tun da malami ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Sai dai babu wani asiri a ciki da ake warwarewa.

Alhali kuwa Katsina ta mallaki duk abin da Eco ya nema, har da ƙari, kuma wannan giɓi yana damuna. Ga hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, ga labarin zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15, ga wasiƙar da Suyuɗi ya aiko wa Sarki Ibrahim daga Masar, ga Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667 ya bar suna a unguwar Masanawa. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da hatimai, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana tasnifi a kan sirrin lambobi, har ajali ya riske shi a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin Masar, littattafansa kuma suka rage a hannun maigidan.