Littafin Mai Hadishi a Idin Bukkoki: Nazari kan Farin Ciki da Rashin Dawwamar Duniya a Ibadar Yahudawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin karanta Littafin Mai Hadishi, wato Kohelet, a Idin Bukkoki. Ta nuna cewa littafin da bukkar darasi guda suke koyarwa: a ci moriyar ni'ima, a kuma tuna ba ta dawwama.

Gabatarwa

Idin Bukkoki, da Yahudawa ke kira Sukkot, yana farawa ranar 15 ga watan Tishri, lokacin kaka, bayan an tara hatsi da inabi. Babi na 23 na Littafin Firistoci ya umarci a zauna kwana bakwai a bukkoki, don tunawa da zaman jeji bayan fitowa daga Masar. Ana rufe bukkar da rassa da ganyaye, inuwa ta fi rana yawa. Yahudawan Ashkenazi kan karanta littafin, mai babi 12, a Asabar ɗin da ta faɗo cikin idin.

Asalin Al'adar

An ambaci wannan karatu a Mahzor Bitri, kundin addu'o'in da almajiran malamin Yahudawa Rashi suka tara a Faransa wajen ƙarni na 12. A ƙarni na 16 malami Musa Isserles na Krakow ya sanya shi cikin hukunce-hukuncen ibada. Al'ada tana danganta littafin ga Sarki Sulemanu, amma kalmomin Farisanci da ke cikinsa sun sa yawancin masana suka ce an rubuta shi bayan zaman bauta a Babila. An kuma samu guntayensa a kogunan Kumran.

Fahimta Biyu

Abudraham, malamin Andalus na ƙarni na 14, ya ce Sulemanu ya gabatar da jawabin da ke cikin littafin ne a taron jama'a na wannan idi. Wasu malamai kuwa sun ɗauki karatun a matsayin linzami, kada murnar kaka ta zarce iyaka. Wannan fahimta ta biyu tana da tushe, sai dai ba ta cika ba. A 1982 masani R. N. Whybray ya nuna cewa sau bakwai littafin ke komawa kan kira a ci, a sha, a ji daɗin aiki, domin baiwar Allah ce. Hatta Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa malamai sun so ɓoye littafin saboda maganganunsa suna karo da juna, musamman kan farin ciki, daga baya suka bar shi.

Kammalawa

Manomin da rumbunsa ya cika shi ya fi kusa da zaton cewa ƙarfinsa ne ya ba shi. A daidai wannan lokaci ake fitar da shi daga gidansa, a karanta masa littafin da ke tuna masa mutuwa, kuma a umarce shi da murna. Saboda haka karatun yana tarbiyyantar da farin ciki ne, ya ɗora shi kan godiya maimakon mallaka. Akwai buƙatar ƙarin bincike kan dalilin da ya sa da yawa daga al'ummomin Yahudawan Sefardi ba su rungumi wannan al'ada ba.