Tarihin Tayar da Mota a Garejin Gusau, Tsafe da Bungudu

Sana'ar kanikanci a yankin Gusau ta taso ne a bayan fataucin auduga da gyaɗa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar amfanin gona. Jirgi kuwa ba ya shiga ƙauye, don haka manyan motoci suka riƙa kwaso kaya suna kawowa tasha. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bungudu tana kan hanyar Sakkwato, saboda haka motar da ta mutu a waɗannan hanyoyi kafin ta kai Gusau, a ɗayansu akan nemo mata mai gyara.

Masu gyaran farko direbobi ne da yaran mota. Tun 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa kik mai aiki da batir, amma motoci sun daɗe suna zuwa da handul, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa ta gaba a juya inji da hannu. Aiki ne mai haɗari, domin inji kan mayar da ƙarfen baya ya karya wa mutum hannu. Idan handul ya gagara sai turi: a sa giya ta biyu, a taka kuloci, jama'a su tura, in ta ɗauki gudu direba ya saki ƙafa. Shi ya sa direban da batirinsa ya yi sanyi yakan kwana da motarsa a kan gangara.

Zamanin kafireta shi ne ya kafa tsarin binciken da ake bi har yau. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 504 da akori-kurar 404 suka cika hanyoyin arewa, kanikawa suka haddace cikinsu. Tambayar farko ita ce: inji yana juyawa? Idan an murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, laifin yana tsakanin batir, kan batir da kik. Sai a kunna fitila ko a danna ham a auna ƙarfin batir, a kankare farin dattin da ya taru a kansa, a ɗaure waya, a duba ruwansa. Wani lokaci a ɗan ƙwanƙwasa kik da sifana, ya saki.

Idan kuwa inji yana juyawa amma bai kama ba, saura abu uku: wuta, mai da iska. Bakanike yakan zare wayar filogi ya kusanta ta da jikin inji, yaro ya buga kik. In tartsatsi bai fito ba, sai a koma kan kwantak da koyil. In wuta ta fito, a ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta. Motar da ta tashi ta sake mutuwa ta nuna cewa mai ne ba ya isowa, ko famfo ya gaza ko datti ya toshe hanya. Yanayin ƙasar yana da nasa hannu a ciki. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, sanyin asuba yana fallasa raunin batir, zafin bazara yana ƙafar da ruwansa, man da aka saya a galan lokacin ƙarancin mai kuma yakan zo da ruwa ko ƙasa. Motar gas ba ta da filogin wuta. Babbar cutarta ita ce iska ta shiga layin mai, a sassauta bututu a yi ta famfo har kumfa ta ƙare.

Wannan ilimi ba a littafi aka gada shi ba. Uba kan kai ɗansa wurin maigidan gareji, yaro ya fara da wanke kayan inji da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a bar shi ya kwance inji, daga bisani a yaye shi ya buɗe nasa wurin. Da aiki ya yawaita sai sana'ar ta rabu: mai inji daban, mai wayarin daban, mai cajin batir daban. Kanikawa kuma suka shiga ƙungiyarsu ta ƙasa, NATA.

Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai tsofaffin motocin Turai da ake kira Beljiyam suka riƙa shigowa ta Kwatano. A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata da motoci suka ƙaru. Toyota, Honda da Golf suka maye gurbin Peugeot, injekta ta kori kafireta, ƙaramar kwamfuta ta karɓi aikin raba mai da wuta. A 1996 ɗin ce kuma Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin OBD-II, wanda ke ba da damar jona na'ura ta karanto lambar matsala.

Sauyin ya kashe wasu tsofaffin dabaru. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, sai dai a jona mata wani batir, kuma juya kan wayoyin yana iya ƙona kwamfutarta. Mota tana iya ƙin tashi don kawai ba ta gane makullinta ba, ko don na'urar da ke lura da juyawar inji ta mutu, ko fiyus ɗin famfon mai ya ƙone. A garejin da babu na'urar bincike, mai mota yakan yi asarar kuɗi wajen canje-canjen kaya bisa zato. Ita ma na'urar alama kawai take nunawa. Tabbatar da cutar yana hannun bakaniken da ya iya bin matakai, daga batir zuwa wuta, mai da iska. Babbar buƙatar garejin Gusau, Tsafe da Bungudu a yau ita ce yaran da za su haɗa horon maigida da sanin lantarki da iya karatu.