Daga Kunya Zuwa Takarda: Yadda Ciwon Zuci Ya Shiga Littafin Hausa

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, har gobe akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, akwai matar da za ta shekara talatin da miji ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunya da kara su ne ma'aunin mutunci, wanda ya bayyana abin da ke cin ransa kuwa sai a ce ba shi da zurfin ciki. Abin mamaki, daga wannan yanki na kudancin Katsina, wato shiyyar Funtuwa, aka sami mutum uku da suka tsaya a tsakiyar rigimar da ta fi kowace zafi a adabin Hausa na zamani, rigimar rubuta so da kishi da baƙin cikin aure a littafi: Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ta rubuta, Ibrahim Malumfashi da ya soka, da Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da ya buɗe filin da aka fafata. Abin da tarihin ya nuna shi ne rubutun zuci ya sami karɓuwa ne a duk inda marubuci ya fitar da ciwonsa daga kansa, ya ajiye shi a ɗakin da mai karatu ya sani.

Abin bai faro da boko ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Ba ta ɓoye kewa da hawaye ba, amma ba ta tsaya a kansu ba. Takan wuce zuwa halayen mamacin, haƙuri da kyauta da riƙon zumunci, ta yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai tashi da abin koyi. Da boko ya zo sai aka ja baya. Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, yawon duniya ne da yaƙi da barkwanci. Zuciyar mace ba ta da kujera a cikinsu. Sai a 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, labarin 'yar Fulani da ta dage kan wanda take so.

Ambaliyar littattafan soyayya da ta ɓalle bayan nan tana da dalilanta na zahiri. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da ajujuwan yaƙi da jahilci sun yaye dubban 'yan mata da matan aure masu karanta Hausar boko, daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu. Sai marubuta suka koma buga nasu da kuɗinsu, a takarda mai araha, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. 'Yan kasuwa su saro daga Kano, masu bayar da haya su baza a tebur, matar kulle ta aiki yaro da 'yan canji ya karɓo mata, littafi ɗaya ya zaga gida biyar har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare. Wadda ta iya karatu ta karanta wa waɗanda ba su iya ba bayan an sauke tukunya.

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, auren ya mutu, ta koma karatu a ajin manya. Da ta ga dama da ta rubuta tarihin rayuwarta ta kama sunaye. Ba ta yi haka ba. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ta ba mu Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da yaranta ta kuma riƙe karatunsu. Mai karatu ba ta fita da tausayin Balaraba ba, ta fita da sanin yadda bazawara ke tsayawa da ƙafarta. Bilkisu Funtuwa, wadda masu karatunta ke kira Anti Bilki, ta bi wata hanyar a Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda da Ni: taurarinta 'yan mata ne da ke zurfafa karatu, su riƙe addini, su koyi zama da miji da kishiya ba tare da sun zubar da kansu ba. Ana iya cewa ta cika sassauci ga maza, kuma akwai gaskiya a ciki, amma matar da ake shirin yi wa kishiya ta sami wanda ya faɗi abin da take ji, abin da ko uwarta ba za ta ce mata komai a kai ba sai "ki yi haƙuri".

Suka ta zo da ƙarfi. A farkon shekarun 1990 Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Onica: rubutu ne na gaggawa, babu edita, ƙa'idar rubutu a karye, jigo ɗaya ake ta juyawa, da yawa kwaikwayon finafinan Indiya ne. Abdalla Uba Adamu ya mayar masa da martani, aka yi ta musayar alƙalami a shafin adabi da Sheme ke kula da shi a jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako. Rabin sukar gaskiya ce. An buga tarin littattafai da ba komai cikinsu sai wasiƙun masoya da motoci da gidajen bene, kuma yau ba mai tuna sunansu. Amma wannan ya ƙara wa hujjar da aka kawo tun farko ƙarfi, domin waɗanda suka mutu su ne waɗanda marubuci ya yi wa kansa mafarki a bainar jama'a. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya rayu saboda ya taɓa tambayar da ke kowane gida, ko talaka zai auri 'yar mai kuɗi, har masu karatu suka riƙa aiko masa wasiƙu suna neman shawara kan nasu auren.

Suka ta biyu ta fi nauyi, cewa littattafan na ɓata tarbiyya. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu a wata makarantar 'yan mata a Kano, daga baya kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta nemi marubuta su yi rajista. Sai dai auren dole da sakin wulaƙanci sun riga littattafan zuwa, marubutan sun tarar da su ne. Shi kansa Sheme, a cikin 'Yartsana na 2003, ya bi sawun yarinyar da auren dole ya tura bariki, bai ƙawata karuwanci ba, bai kuma wanke iyayen da suka tura ta ba. Uban da ya karanta shi ya fi wanda aka ƙona masa shi kusa da sake tunani kafin ya ba da 'yarsa.

Teburan haya sun ja baya, waya ta gaje su. Yanzu ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana sauraron karatunsa a YouTube, sashen Hausa na BBC kuma ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016. Abin da ke cin ran mutanen shiyyar Funtuwa ma ya sauya. Tun daren Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ciwon da matan Faskari da Sabuwa ke haɗiyewa ya wuce na kishiya: miji a daji ana jiran kuɗin fansa, gona ta gagari noma, 'ya ta dawo daga hannun 'yan bindiga an rasa yadda za a tambaye ta abin da ya faru.