Hisabi da Fara'ili: Yadda Magabata Suka Wasa Ƙwaƙwalwar Ɗalibai da Lissafi

Duk malamin da ya koyar da babin gado a ajin farko na jami'a ya san inda gizo ke saƙar. Ɗalibi zai zayyano masu rubu'i da masu sumuni da ka, amma da zarar an ce ya haɗa sudusi da sulusi biyu ya fitar da asalin mas'ala, sai alƙalami ya tsaya. Ya shafe shekara shida a sakandare yana koyon lissafi, ba a taɓa nuna masa cewa sulusin littafin fiƙihu shi ne 1/3 ɗin da ya saba gani a allo ba. Wannan rabuwa baƙuwa ce a tarihin karatun Musulmi.

A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun (813–833 Miladiyya), Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa kan aljabru da muƙabala, wanda daga sunansa Turawa suka samo kalmar aljebra. Ya bayyana a gabatarwa cewa ya rubuta shi ne domin bukatun mutane na gado, wasiyya, shari'a, ciniki da awon ƙasa, kuma kusan rabin littafin mas'alolin wasiyya ne. Ke nan fannin da yaranmu suka fi tsoro a yau ya fara bayyana ne yana yi wa fiƙihu hidima.

Malaman hisabi ba su tsaya ga abin da alƙali ke bukata ba. Sun gane cewa yaro ya fi riƙe ƙa'ida idan ta zo masa da sigar kacici-kacici. Abu Kamil na Masar, wanda ya biyo bayan Alkhawarizmi, ya keɓe littafi ga mas'alolin ban sha'awa, irin su sayen tsuntsaye 100 masu farashi daban-daban da dirhami 100, har ya gano cewa ɗaya daga cikinsu tana da amsa fiye da 2,600. Albiruni kuwa ya lissafa abin da zai taru idan aka riƙa ninka adadi a gidaje 64 na allon shaɗaranji, ya samu 18,446,744,073,709,551,615.

A Magrib, inda yawancin littattafan zaurukanmu suka fito, hanyar ita ce nazami. Ibnul Yasamin (ya rasu 1204) ya tsara ƙa'idojin aljabru a gajeruwar waƙa domin a hardace. Ibnul Banna na Marrakush (ya rasu 1321) ya rubuta Talkhisu A'amalil Hisab, Alƙalasadi (ya rasu 1486) ya yi masa sharhi. Shi kansa Abdurrahman Al'akhdari, mai littafin Ahalari da kowane ɗan makarantar zaure ya sani, yana da nazamin Addurratul Baila'u, wanda ya fara da hisabi sannan ya shiga fara'ili. Wannan jeri ba a banza ya zo ba: sai hannu ya faɗa da kasuru kafin a ba mutum dukiyar marayu ya raba. Alamar wannan karatu tana nan a bakinmu, domin sulusi, rubu'i, humusi, sudusi da sumuni duk sun zama Hausa.

Mas'alolin gado masu laƙabi su ne filin wasan ɗalibi. Akwai Minbariyya, wadda ake jingina amsarta ga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda: mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Asali 24 ne, amma rabon ya kama 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Sai a yi auli, matar ta karɓi 3 cikin 27, sumuninta ya koma tusu'i.

Akdariyya ta fi ta daɗin tattaunawa, kuma malamai kan jefa ta a sigar lugga. Wane gado ne mutum huɗu suka raba, na farko ya ɗauki sulusi, na biyu sulusin abin da ya rage, na uku sulusin abin da ya sake raguwa, na huɗu ya kwashe saura? Amsa ita ce miji, uwa, 'yar'uwa da kaka namiji. Daga 27, miji ya ɗauki 9, uwa 6 cikin 18, 'yar'uwa 4 cikin 12, kaka ya tashi da 8. Ɗalibin da ya warware wannan da kansa ya wuce tsoron kasuru har abada, kuma ya shiga saɓanin sahabbai kan gadon kaka da 'yan'uwa ta ƙofa mafi sauƙi.

Ƙasar Hausa ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, inda ya yi bayanin hanyoyin gina wafaƙi. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Abin da ake nufi da hatimi wajen neman asiri magana ce da malamai suka yi ta inkari a kanta, kuma ba nan ne muhallinta ba. Amma cika gidaje 25 da lambobi 1 zuwa 25 ta yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da 65, lissafi ne tsantsa, irin wanda ƙungiyoyin lissafi na makarantu ke ba yara a yau.

Rabuwar ta soma ne da zuwan boko. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koyar da lissafi da Turanci, da misalan fam da sule. Makarantar shari'a da aka kafa a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ta riƙe horar da alƙalai. Fanni ɗaya ya koma gida biyu, kowane da harshensa da malamansa. Manhajar sakandare ta gāji wannan tsari, shi ya sa a makaranta guda za ka tarar da malamin lissafi yana neman misalin kasuru da lemo da burodi, alhali a ajin da ke maƙwabtaka da shi malamin addini yana karanta ayoyin gado na Suratun Nisa'i ba tare da ya rubuta lamba ko ɗaya a allo ba.